Landan zuwa Paris: Lissafin da Ba Ya Cikin Tikiti

In aka miƙa zare a taswira daga Landan zuwa Paris, tazarar ba ta wuce kilomita 344 ba, kwatankwacin nisan Kano da Abuja. Jirgin sama kan cinye ta cikin ƙasa da awa ɗaya a sararin samaniya, amma a tikiti za ka ga awa ɗaya da minti 15 ko 20, domin an haɗa da lokacin da jirgi ke jan jiki a filin yana jiran izinin tashi.

Abu na farko da ke rikita baƙo shi ne agogo. Paris tana gaban Landan da awa ɗaya. Jirgin da ya tashi ƙarfe 9:00 na safe zai sauka wajen 11:20, a dawowa kuwa ya bar Paris 9:00 ya iso Landan 9:20. Tafiyar ɗaya ce, kowane gari da agogonsa ake rubutawa.

Na biyu, filayen jiragen a bayan gari suke. Heathrow na Landan da Charles de Gaulle na Paris kowanne ya fi kilomita 20 daga tsakiyar birninsa. Mai shiga jirgin ƙasa na layin Piccadilly zai yi kusan awa guda kafin ya kai Heathrow, kuma ana so ya isa awa biyu kafin tashi. A layin bincike zai kwance bel, ya zube waya da makullai a faranti, ya jira. In ya sauka ga layin fasfo, ga jiran akwati, ga minti 35 a jirgin ƙasa na RER B kafin ya shiga gari. Tafiyar awa ɗaya ta koma ta awa biyar. Sauri ya haifi nawa.

Shi ya sa mutane da yawa suka koma Eurostar, jirgin ƙasan da ke bi ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku aka buɗe a 1994. Tsawon ramin kilomita 50 ne, kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa. Daga tashar St Pancras zuwa Gare du Nord awa biyu ne da kwata ko ɗan sama da haka, kuma dukkansu a cikin gari suke. Shi ma sai ka zo da wuri, amma a Landan ake gama duba fasfo, kana sauka sai ka ja akwatinka ka fita titi. Lokacin tafiyar Eurostar ɗin ya ma gaza awa biyu da rabi da jirgin saman da ya fara jigilar yau da kullum tsakanin biranen ya yi ranar 25 ga Agusta, 1919.

Faransa ta mayar da irin wannan lissafi doka a 2023, inda ta hana zirga-zirgar jiragen sama daga filin Orly na Paris zuwa Bordeaux da Nantes da Lyon, saboda jirgin ƙasa na kaiwa cikin ƙasa da awa biyu da rabi.

Don haka kafin ka biya kuɗin tikiti, ƙirga tun daga ƙofar masaukinka har ƙofar da za ka yi sallama. Ka kuma duba fasfonka: bizar Birtaniya ba ta shiga Faransa, sai da ta Schengen, ko ta sama ka bi ko ta ƙarƙashin teku.