Gado: Kalma Ɗaya A Hausa, Huɗu A Turanci

Bahaushe in ya ce "gado" ya gama magana. Gonar da uba ya bari gado ce, sarauta gado ce, har ƙira da kiɗa ma gado ne. Amma Bature ya raba wannan kalma gida huɗu, a nan kuwa akawuna da malaman makaranta da yawa su ke tuntuɓe. Tun zamanin En'e, sa'ad da Roni ta ke gunduma a ƙasar Kazaure cikin Lardin Kano, a ke fama da wannan, don alƙali ba da Turanci ya ke shari'a ba, amma takardar da za ta hau sama sau da yawa sai an juya ta.

Bari mu misalta. Wani mutumin Roni ya rasu, an yi masa sutura, an biya bashinsa, saura shanu 36. Ya bar mata ɗaya da ɗa da 'ya. Kafin ya cika kuwa ya yi wasiyya a ba malaminsa sulusi, watau shanu 12. Sauran 24 su za a raba: matar ta ɗauki tumuni, watau 3, ɗan ya sami 14, 'yar 7. To, abin da waɗannan uku suka samu shi ne inheritance. Na malamin kuwa legacy ne, watau kyautar wasiyya. In akawu ya yi sakaci ya rubuta inheritance a kan shanun malamin, wanda ya karanta takardar a kotun ɗaukaka ƙara sai ya zaci malamin magaji ne. Ga shi kuwa a shari'a ba a yi wa magaji wasiyya, sai in sauran magada sun yarda. Ka ga kalma ɗaya ta jefa shanu 12 cikin rigima.

Gadon sarauta succession ne. Wannan ba ya da wuya, don ba wanda ya taɓa jin an kasa rawani uku.

Ta huɗun ita ce heritage, ita ce kuma aka fi ɓatawa. Ma'anarta abin da jama'a duka suka tarar daga kakanni: harshe, da sana'a, da hawan salla, da labarin Ɗantunku da ɗansa Dambo, tushen sarautar Kazaure. Ba mai rabo a cikinsa, ba kuma wanda a ke hanawa. Da wannan kalma Hukumar UNESCO ta rubuta Sukur ta Adamawa a 1999, da hawan sallar Kano a 2024. Malamin da ɗalibi ya rubuta masa "my heritage" alhali yana nufin gonar ubansa, ya tambaye shi: alƙali zai iya raba ta? In zai iya, a gyara kalmar.

Saura wani tarko ɗaya. Legacy tana da fuska biyu. A jarida in an ce legacy na Sardauna, ba wasiyyarsa a ke nufi ba, ayyukan da ya bari ne, kamar Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962. A takardar kotu kuwa ma'anarta ba ta wuce wasiyya.