Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: 'Ya'yan Birnin Zazzau da Guraben Jami'a

A wani dare bayan sallar isha'i, ina zaune a zauren gidanmu da ke Kwarbai, sai maƙwabcinmu, dattijo mai ɗinkin manyan riguna, ya yi sallama. Bayan mun gaisa ya ce, "Dakta, wai ita jami'ar nan da mu a cikinta kuwa?" Ɗansa ya zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu bai kai makin da ake bukata ba. Da na bincika, sai na gano cewa ranar jarrabawar farko ita ce ranar da yaron ya fara ɗora hannu a kan kwamfuta. Na ce masa, "Baba, da ku mana." Amma na kwana ina tunanin ko gaskiya na faɗa masa.

Tun ranar 4 ga Oktoba, 1962 da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, burin Sardauna shi ne Arewa ta samu ma'aikatanta daga cikin 'ya'yanta. Tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya ma ya yi ƙoƙarin tabbatar da adalci: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'a take yi wa hidima, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya ta fuskar ilimin boko. Tsari ne mai kyakkyawar niyya, kuma dubban mutane sun ci gajiyarsa, har da ni.

Matsalar ita ce ma'auninsa jiha ne. A kan takarda, ɗan farfesa da ya tashi a gidajen ma'aikata na Samaru, ya yi makarantar kuɗi, da ɗan maɗinki da ya taso a Limancin Kona ko Unguwar Juma, ya yi karatu a ajin da ya cika maƙil, duk 'yan Jihar Kaduna ne, gurbi ɗaya suke nema. Kowa ya san wanda zai riga. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, tazarar ta ƙara faɗi ga yaron da makarantarsa ba ta da ko wutar lantarki. 'Ya mace kuwa nata ya fi tsanani, domin idan ta faɗi sau ɗaya, da wuya a sake biya mata.

Abin takaicin shi ne birnin da ake magana a kansa ba baƙon ilimi ba ne. Tun kafin zuwan Turawa almajirai ke tahowa Zazzau daga nesa domin karatun nahawu da fiƙihu a zaurukan malamanta. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 har yau masu nazarin zanen gine-gine suna yin darasi a kansa. Mu malaman jami'a muna shigowa ta Ƙofar Doka da littafin rubutu, mu yi hira da dattawa, mu ɗauki hoton tsofaffin littattafai, mu samu digiri da ƙarin girma. Me muke mayarwa?

A ƙasar Niyu Zilan, wasu jami'o'i sun buɗe wa 'yan asalin ƙasar, wato Mawori, hanya ta musamman zuwa karatun likitanci, tare da shirya su tun kafin su shigo. Mu ma muna da harsashin irin wannan: ga shirin IJMB, ga makarantar share fage ta Funtuwa.

Shawarata uku ce. Na farko, jami'o'i su riƙa bayyana alƙaluman ɗaliban da suka ɗauka bisa ƙaramar hukuma, da irin sakandaren da suka fito, da adadin maza da mata. Abin da ba a ƙidaya ba, ba a gyara shi. Na biyu, a cikin kason yanki a ware wani abu ga waɗanda suka gama makarantun gwamnati, ba tare da an sassauta sharuɗɗan kammala digiri ba. Na uku, a riƙa tura ɗaliban ajin ƙarshe makarantu irin su Alhudahuda da sakandarorin 'yan mata na cikin gari duk Asabar, su koyar da lissafi da Turanci da sarrafa kwamfuta, a kuma saka wannan cikin makinsu.

Mu ma 'yan birni da namu nauyin. Masarauta da ƙungiyoyin unguwanni da tsofaffin ɗalibai za su iya kafa ɗakin kwamfuta ɗaya a kowace gunduma, su kuma taimaka wa iyaye wajen neman rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ɗan maƙwabcina zai sake zama jarrabawa bana. Kullum bayan la'asar yakan zo zaurenmu ya yi atisaye a kan tsohuwar kwamfutata. Shi ya dace da maƙwabci malamin jami'a. Sauran yaran layinmu fa?