Filayen Wasan Golf a Lardin Algarve: Ƙasa, Ruwa da Izinin Shiga

Ana so Hakimai da malamansu su san labarin Algarve, lardin da ke kudancin ƙasar Fotugal a bakin teku, domin akwai abin lura a cikinsa game da ba da ƙasa. Sunan daga Larabci ya ke, watau Algarbu, yamma. A dā sana'ar mutanensa su da noman lemo da ɓaure.

Golf wasa ne da a ke buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Cikakken fili ramuka 18 gare shi, yakan ci fiye da eka 100. Wanda ya san filin Rayfield na Jos ya ga irinsa.

A 1965 aka buɗe filin jirgin sama a Faro, babban birnin lardin, baƙi suka soma zuwa shan iska. A 1966 aka buɗe filin golf na Penina, wanda Henry Cotton, wani gwanin wasan daga Ingila, ya tsara a kan tsohuwar fadamar shinkafa. Na Vilamoura ya biyo baya a 1969, na Quinta do Lago a 1974. Yanzu filayen sun kai wajen 40. Dalilin yawansu shi ne, lokacin da sanyi ya ke hana wasa a Ingila da Jamus, a Algarve akwai rana. Sa'an nan kamfanoni sukan gina otel da gidaje kewaye da fili, gidan da ke duban ciyawa kuwa ya fi tsada.

Game da shiga, hanya uku ce. Akwai 'yan kulob masu biyan kuɗin shekara. Akwai baƙin otel, waɗanda a kan rage musu kuɗi. Akwai kuma mai biyan kuɗin wasa ɗaya, bayan ya nemi lokaci tun da wuri. Doka ba ta hana ɗan ƙasa ba, amma an yanka kuɗin ne daidai da aljihun baƙo, saboda haka talaka ya fi shiga a matsayin ma'aikaci.

Amfanin a fili ya ke: samari sun sami aiki, otel-otel suna samun baƙi ko bayan watannin zafi. Amma ciyawar fili sai da ban ruwa, ga shi kuwa ruwan sama ba ya sauka a can da zafi. Da fari ya tsananta, a farkon 2024 Gwamnatin Fotugal ta rage ruwan da a ke ba manoma da garuruwa da wuraren baƙi na lardin. Waɗansu filaye suna ban ruwa da ruwan ƙazantar gari da aka tace.

Saboda haka, in aka nemi ƙasa a gundumarku domin irin wannan aiki, kada a yi gaggawa. A tambaya eka nawa a ke so, na wane ne, kuma wace diyya za a biya. A tambaya daga ina ruwa zai fito da rani. A tambaya ko burtali da hanyar rafi za su tsira, da kuma ko 'ya'yan gari za su iya shiga. Malami ya rubuta amsoshin duka, a ajiye a ofis kafin a sa hannu, gama ƙasar da aka bayar da wuya ta ke komowa.