Waya Ta Sha Ruwa: Tsakanin Mai Gyara Da Kamfanin Inshora

Ambaliyar da mutanen Maiduguri za su daɗe suna tunawa ita ce ta ranar Talata 10 ga Satumba, 2024, sa'ad da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa na birnin. Jama'a suka fito da abin da hannu ya iya ɗauka, wasu ruwa iyakar ƙugu, wasu iyakar ƙirji, wayar salula kuwa tana cikin aljihu. Babbar asara ita ce ta rayuka da gidaje, babu mai musun wannan. Amma bayan ruwa ya janye sai wata ƙaramar asara ta bayyana, wadda ba ta shiga labaran rediyo: wayoyin da suka mutu da lambobin 'yan'uwa da lissafin ciniki a cikinsu.

Ba sai an yi ambaliya ba ma. Bokitin wanki ya isa, haka kofin shayi, haka ruwan Agusta in ya ritsa da mutum a kan babur. Tun da aka fara salula a ƙasar nan cikin 2001, waya ta tashi daga abin ado ta zama kanti da banki da littafin bashi. Saboda haka in ta sha ruwa, tambayar farko ita ce wa zai biya.

Mafi yawan mutane sukan ruga da takardar garanti zuwa inda suka saya, nan kuwa su ke fara shan mamaki. Garanti alkawari ne na kamfanin da ya ƙera waya cewa in aibin ƙira ya bayyana cikin wani wa'adi, galibi shekara ɗaya, zai gyara. Bai shafi tsautsayi ba. Kamfanin Apple ya faɗa a fili cewa garantinsa na shekara ɗaya bai ɗauki ɓarnar ruwa ba, kuma haka al'adar sauran manyan kamfanoni ta ke. Inshora ita ce ta tsautsayi, ita kuwa dabam a ke sayenta, tun waya tana lafiya lau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya yi niyyar ɓoye gaskiya ya ce haka kawai ta ɗauke, to ya sani akwai mai shaida a cikin wayar. Wani ɗan ƙanƙanin ɗigo ne, fari ko ruwan azurfa, wanda a wayoyin da a ke cire batirinsu yakan zauna ƙarƙashin batir, a na yanzu kuwa galibi cikin ramin da a ke sa sim. Da ruwa ya taɓa shi sai ya rikiɗe ya zama ja, ba ya kuma komawa fari. Shi ma'aikacin kamfani ya ke fara haskawa kafin ya saurari dogon bayani.

Wani zai ce ai an sayar masa da ita a kan ruwa ba ya cinta. Lalle akwai ma'auni. Wayar da aka rubuta wa IP67 an gwada ta a zurfin mita 1 har minti 30, mai IP68 kuwa ta wuce haka gwargwadon abin da kamfaninta ya ambata. Amma fa a ɗakin gwaji aka yi, da ruwa mai tsabta, wayar kuma sabuwa fil. Roba da gam da ke toshe kafofinta suna tsufa, faɗuwa ɗaya ko buɗewa ɗaya tana iya raunana su. Hukumomin wasu ƙasashe sun tsawata a kan wannan talla. Cikin 2020 hukumar kula da gasar ciniki ta Italiya ta ci tarar Apple Yuro miliyan 10, cikin 2022 kuma wata kotu a Ostareliya ta ci tarar Samsung dalar ƙasar miliyan 14, duka saboda yadda aka tallata juriyar ruwan wayoyinsu.

Abin da ke kashe waya iri biyu ne. Ruwan kwata da na kogi da shayi suna ɗauke da gishiri da datti waɗanda lantarki ke bi, sai wuta ta tsallaka inda bai kamata ba, injin ya ƙone. In ta tsira daga wannan, tsatsa na nan tana cin ƙananan hanyoyin injin sannu a hankali. Shi ya sa waya kan yi aiki kwana biyu ko mako guda, mai ita har ya yi hamdala, sa'an nan ta ɗauke. Saboda haka da an tsamo ta a kashe ta, a cire rigarta da sim, a goge, a bubbuga ta a tafin hannu kafar caji na kallon ƙasa, a ajiye inda iska ke kaɗawa. Kada a sa caji. Kada a kanga ta a wuta ko a shanya ta a kan kwano da tsakar rana, gama zafi na ɓata batir. Tsohuwar dabarar nan ta binne waya a buhun shinkafa kuwa, Apple da kansa ya hana, don ƙurar shinkafa na shiga kafofin wayar.

A nan ne mai inshora ke shiga tsaka mai wuya. Abin da ya fi ceton waya shi ne a buɗe ta da wuri a wanke injin da sifirit kafin tsatsa ta kama, kuma a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko Computer Village ta Ikeja, ko Banex ta Abuja, akwai samarin da hannunsu ya faɗa a kan wannan aiki. Sai dai takardun inshorar waya da yawa sun sharɗanta cewa in wani wanda kamfani bai amince da shi ba ya buɗe ta, an fita daga alkawari. Watau gaggawar da za ta ceci wayar ita ce za ta iya kashe diyyar. Wanda ba shi da inshora ya ruga wurin mai gyara tun yau. Wanda ke da ita ya fara sanar da kamfani, a rubuce, ya tambayi inda za a kai, domin akan yanka wa'adin kai rahoto, wani lokaci 'yan kwanaki ƙalilan.

Ganin Dala kuma ba shiga birni ba ne. Wata inshorar fashewar gilas kaɗai ta ɗauka, wata ta haɗa da ruwa, wata ta ƙara da sata. Akwai kason da mai waya zai biya daga aljihunsa kafin kamfani ya cika saura, akwai kuma ragin da akan yi saboda tsufan wayar, don haka kada a sa ran kuɗin sabuwa. Hotuna da lambobi ba a biyan diyyarsu. Wanda ya yi wa kayan gidansa inshorar gobara da ambaliya ya duba takardarsa da kyau, don abin da ruwa ya ci a ɗaki dabam ne da abin da ya faɗa kwata a hanyar kasuwa. A ra'ayina, laifin rashin fahimtar nan ba na mai saye ba ne shi kaɗai. Sharuɗɗan da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe cikin Turancin lauyoyi, ba a yi su domin mai sayar da tumatir ya gane ba.

Masu ƙyamar inshora saboda riba da garari suna da takaful, wanda hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar wa ƙa'idoji cikin 2013. A tsarinsa mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don tallafa wa wanda tsautsayi ya faɗa wa, amma shi ma yana da sharuɗɗansa da sai an karanta. Wanda kuma kamfani ya ƙi biya ba bisa hujja ba, hukumar tana da ofishin karɓar ƙorafi.

Ko a kamfani ko a hukuma, abin da za a nema ɗaya ne: rasit ɗin saye, da takardar inshorar, da shaidar an biya kuɗinta, da lambar IMEI mai alƙaluma 15. Lambar tana jikin kwalin waya, tana kuma fitowa in aka danna *#06#, muddin wayar tana iya kunnuwa.