Bambancin Gaɓa, Agara da Jijiyar Ɗaure Gaɓa: Faɗakarwa ga Jama'ar Jega, Aliero da Maiyama

Garin Aliero ya yi suna a kan abubuwa biyu, noman albasa da sana'ar ɗori, har daga ƙasashen maƙwabta ana kawo masu karaya. Wannan abin alfahari ne ga Jihar Kebbi. Sai dai ba kowane ciwon ƙafa ko hannu ne karaya ba, kuma kalmar "jijiya" da muke amfani da ita ta haɗa abubuwa da dama waɗanda aikinsu da maganinsu suka sha bamban.

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Duk inda ƙashi ya haɗu da ƙashi, nan ne gaɓa, kamar gwiwa, kafaɗa da idon sawu. Guringuntsi ne ya lulluɓe bakin ƙasusuwan, ga kuma wani ruwa mai yauƙi da ke hana su gogar juna. In ƙashi ya fita daga mazauninsa, shi ne gocewa.

Abin da ke riƙe ƙasusuwan nan biyu kada su rabu shi ne jijiyar ɗaure gaɓa. Daga ƙashi take zuwa ƙashi, tamkar igiyar da aka ɗaure itatuwan rumfa da ita. Gwiwa kaɗai tana da manya guda huɗu. Idan ƙafar manomi ta gurɗe a kan kunyar albasa, ko ɗan kabu-kabu ya faɗi a hanyar Jega zuwa Maiyama, wannan jijiya ce kan miƙe fiye da ƙima ko ta yage, abin da muke kira targaɗe. Ƙaramin targaɗe yakan lafa cikin mako biyu ko uku in an huta, an ɗaga ƙafar, an sa mata sanyi. Wadda ta tsinke gaba ɗaya kuwa, musamman ta cikin gwiwa, takan bar mutum yana jin gwiwar tana kuɓuce masa ko da kumburi ya sace.

Agara daban take: ita ce ke haɗa tsoka da ƙashi. Kowa ya san ta a wurin mahauta, farar jijiyar nan mai tauri da ke ƙafar sa. Tsoka ta ja, agara ta ja ƙashi, gaɓa ta motsa. Wadda ta fi kowace ƙarfi ita ce ta bayan dunduniya, wanda tasa ta tsinke ba ya iya ɗage a kan yatsun ƙafar. Yatsun hannu ma agarori ne ke lanƙwasa su, mafi yawa daga tsokar da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Shi ya sa lauje kan yanki mutum lokacin yankan shinkafa, raunin ya warke sumul, amma yatsa ya ƙi lanƙwasuwa. Tsoka ta riga ta janye bakin agarar, ba ɗaurin da zai dawo da shi. Ɗinki take bukata a hannun likita cikin kwanakin farko, domin jinkiri yana wahalar da aikin.

Jini kaɗan ke isa waɗannan jijiyoyi biyu, don haka sukan ɗauki lokaci kafin su warke, wani lokaci fiye da ƙashi. Hoton ƙashi na asibiti ma ba ya nuna su sosai, sai likita ya gwada gaɓar da hannunsa ko ya nemi wani hoto na daban.

A ganinmu babban haɗarin yana wurin ɗauri. Gaɓar da ta ji ciwo kumbura take yi, in aka matse ta da karare da tsumma sai jini ya kasa wucewa. Yatsu su yi sanyi, su dushe ko su yi baƙi, su daina ji, ciwo ya riƙa ƙaruwa: duk wanda ya ga haka ya kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti, musamman in yaro ne, domin ta haka ake rasa hannu ko ƙafa.

Muna kira ga uwayen ƙasa, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomin uku su zauna da maɗora a kan wannan batu. Raunin da ƙashi ya huda fata, yatsan da ya daina motsi bayan yanka, da gaɓar da ta kumbura tare da zazzaɓi, a fara kai su babban asibitin Jega, Aliero ko Maiyama. Daga nan ake tura wanda abin ya fi ƙarfi zuwa Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.