Yadda Abokan Wasa Ke Magana da Karta a Belot

Wanda ya saba da Whot a Dingaya ko Gwaram ya san kowa kansa yake ƙwata. A belot, wasan da ya zo daga Faransa ya kuma samu gindin zama a fadojin matasan Maraɗi da Damagaram, mutum huɗu ne ke zama, biyu-biyu, abokinka yana fuskantarka.

Karta 32 ake rabawa, takwas ga kowa. Akan zaɓi iri ɗaya ya zama atu, mai danne sauran. A cikinsa bale (karta mai J) ne babba da maki 20, sai tara mai 14, sannan as (karta mai A) mai 11. Jimillar maki 162 ce, har da 10 na zagayen ƙarshe.

Magana da baki haramun ce, don haka kartar da ka yar ita ce saƙonka. Idan ba ka da irin da aka buɗe, kuma abokinka ne ke cin zagayen, sai ka ɗora masa goma don ƙara maki. Wasu kan yar da ƙaramar karta don nuna suna riƙe da as na irinta, amma sai an daidaita ma'anar tun kafin a zauna. Mai atu da yawa kan fara da su, ya zare na abokan hamayya.

Ƙifta ido ko tari maguɗi ne. A gasar duniya ta birij, wani wasan karta na biyu-biyu, a Bamuda, 1975, an zargi Italiyawa biyu da taɓa ƙafafun juna, har aka sa shinge a ƙarƙashin tebur.