Gargaɗi: Kada a Ƙone Fata don Goge Jarfa

Jama'ar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, wannan kira ne ga duk mai jarfa a jiki, wadda 'yan zamani ke ce wa tatu, da yake neman rabuwa da ita. Kada ka zuba mata ruwan batir ko sodar haɗa sabulu. Kada ka ɗora mata dutsen guga ko gasasshen ƙarfe. Kada ka kankare ta da reza ka cusa gishiri. Haka kuma kada ka yarda a zana wata a kanta da sunan rufewa.

An san abin da ke kawo gaggawar. Yaro ya je ci-rani Legas ko Fatakwal, ko ya bi ta Agadas zuwa Libiya, ya dawo da kunama a damtse, ko sunan budurwar da tuni aka kai ta ɗakin wani. Ga shi an buɗe ɗaukar soja, sharuɗɗan kuwa sun hana mai irin wannan zane. Ko aure ya taso yana jin nauyin surukai, ko ya ji wa'azi ya tuba. Sai wani a majalisa ya ce masa ai kwana uku ya isa ta ɓace.

Ƙarya ne. Tawadar jarfa ba a bisa fata take ba kamar lalle. Allura ce ta kai ta ciki, zurfin milimita 1 zuwa 2, inda jini da jijiyoyi suke. Duk abin da zai cim mata daga waje sai ya fara cinye fatar sama. Shi ya sa man bilicin ke ɗashe wurin ya bar zanen ya ƙara fitowa raɗau. Ruwan batir kuwa nama yake dafawa: wurin ya yi fari, ya saɓule, ya riƙa tsiyayar ruwa, riga na mannewa, ga ƙuda ga ƙurar hunturu. In an yi sa'a ya warke, baƙar fata irin tamu tana da saurin yin tabo mai tudu, mai sheƙi da ƙaiƙayi, wanda kan zarce girman zanen, musamman a ƙirji da kafaɗa. Sau da yawa ma shuɗin tawadar na nan yana leƙowa ta ƙarƙashin tabon. A wurin tantance masu shiga soja tuɓe riga ake yi, likita kuma ya san ƙunar da aka yi da gangan. An yi ba a yi ba. Mai ciwon sukari da mai sikila su ne abin ya fi yi wa haɗari, domin rauninsu kan ƙi warkewa ya zama gyambo.

Rufewa da sabon zane gudun gara ne a faɗa gidan zago. Dole sabon ya fi tsohon girma da duhu kafin ya ɓoye shi, gobe in za a cire aiki ya ninku. Allurar da aka yi wa wani amfani da ita kuma tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. 'Yan'uwa mata masu lulluɓe wurin da baƙin lallen da aka haɗa da dayis, ku sani sinadarin cikinsa yana sa fatar wasu ta yi ƙuraje masu ruwa, ta bar shaida.

Wanda tsoron Allah ya sa shi gaggawa, ya saurara. Gaskiya ne hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim kan haramcin jarfa. Amma Imam Nawawi ya bayyana cewa idan cirewa za ta jawo babbar illa ga jiki, ba ta wajaba ba, tuba ta wadatar. Tawadar da ke ƙarƙashin fata ba ta hana ruwan alwala taɓa jiki. Ka tambayi malamin da ka amince da shi kafin ka cutar da kanka. Riga mai dogon hannu ba ta taɓa kwantar da kowa a asibiti ba.

In lallai sai an cire, a fara da Babban Asibitin Gumel, a nemi a tura mutum wurin likitan fata a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ƙaramin zane ana iya yanke shi a ɗinke. Babba sai na'urar leza, wadda ke farfasa tawadar a hankali, zuwa bayan zuwa, da tazarar mako 6 zuwa 8 a tsakani. Tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba, kuma a hannun wanda bai ƙware ba ita ma tana ƙone baƙar fata. Duk wanda ya miƙo maka kwalba marar suna, a cikin cunkoson kasuwar Maigatari ranar Alhamis ne ko a TikTok, ya ce shafa ɗaya ta isa, ka riƙe kuɗinka.

Wanda ya riga ya zuba ruwan batir ko soda, a kwarara wa wurin ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti a ranar, a yi allurar tetanos. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, baƙin mai ko kashin shanu.

Limamai, a faɗi wannan bayan sallar Juma'a. Wanzamai da masu kemis, in yaro ya zo muku da wannan buƙata, ku tura shi asibiti. Iyaye kuma a rage gori, domin gorin ne ke sa yaro ya kulle ɗaki ya yi wa kansa aika-aika a ɓoye.